Yadda Ake Tara Ƙuri'u Gida-Gida a Zaɓen Majalisar Wakilan Amurka

A ranar 26 ga Yunin 2018, Alexandria Ocasio-Cortez, 'yar shekara 28, ta kayar da Joe Crowley a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat a mazaɓa ta 14 ta jihar New York. Crowley ya kusa shekara 20 a Majalisar Wakilai, yana cikin jiga-jigan jam'iyyarsa, kuma kuɗin da ya kashe ya ninka nata sau da yawa. Mazaɓar ta haɗa wani yanki na Bronx da wani na Queens, mutanenta sun haura 700,000, amma duk ƙuri'un da aka kaɗa ranar ba su kai 30,000 ba. Ratar da ke tsakaninsu kimanin 4,000 ce. Shekara huɗu kafin nan an ga irin haka a jam'iyyar Rifabulikan, inda Dave Brat, malamin tattalin arziki a wata ƙaramar kwaleji, ya kayar da Eric Cantor, shugaban masu rinjaye na majalisar, a mazaɓa ta 7 ta Virginia. A 2020 kuwa ƙuri'a 6 kacal suka raba Mariannette Miller-Meeks da Rita Hart a mazaɓa ta 2 ta Iowa.

Na kawo waɗannan ne saboda 'yan'uwanmu mazauna Bronx, ko Greensboro, ko Chicago, ko Houston, masu cewa mu 'yan tsiraru ne, wa zai saurare mu. Majalisar Wakilai kujera 435 ce, ana sabunta ta duk shekara biyu, kuma a mafi yawan mazaɓun an riga an san jam'iyyar da za ta ci a watan Nuwamba. Ke nan ainihin kokawar a zaɓen fid da gwani take, ranar da mutane kaɗan ke fitowa. Al'ummar da za ta iya kai mutum 600 rumfa a irin wannan rana, ɗan takara da ƙafarsa zai zo ya zauna a falonta. Sai dai wanda ya saba da siyasar gida, inda ake auna ƙarfin ɗan takara da cikar fili da yawan motocin rakiya, ya ajiye wannan ma'aunin. A can suna ake ƙirgawa, da adireshi, da lambar waya.

Da farko: wa doka ta yarda ya yi me

Kafin a buga takarda ko ɗaya, ku raba mutanenku gida uku. Ɗan ƙasa, ko haifaffen can ne ko wanda ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, in ya kai shekara 18 zai yi rajista, ya jefa ƙuri'a, ya ba da gudummawar kuɗi, ya yi aikin sa-kai. Mai girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, zai iya ba da kuɗi, ya kuma yi aiki, amma ba ya rajista, ba ya zaɓe. Wanda ba shi da ko ɗaya, kamar ɗalibi, zai iya taimakawa da ƙarfinsa kyauta, amma ko sisi ba zai bayar ba, kuma ba ya cikin masu yanke shawarar yadda za a tafiyar da kamfe.

Nan ba wurin kara ba ne. Takardar rajista tana tambaya ko kai ɗan ƙasa ne, kuma bisa rantsuwa mutum yake sa hannu. Mai girin kad da ya cike ta, ko da wani ne ya ce masa ba komai, zai iya rasa damar zama ɗan ƙasa, har a kai ga korarsa. Saboda haka duk wanda za ku aika yi wa mutane rajista, tambayarsa ta farko ita ce: "Baba, ka riga ka yi rantsuwa?" In ya ce yana jira, a yi masa fatan alheri, a rubuta sunansa a wani shafi dabam don a neme shi daga baya.

Rabon atamfa, taliya ko ɗan na goro don mutum ya yi zaɓe laifi ne a dokar tarayya, ga mai bayarwa da mai karɓa. Kai mutum rumfa a mota kyauta kuwa ba laifi ba ne. Sai masallaci. Yawancin masallatai da coci-coci an yafe musu haraji, kuma tun 1954 doka ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi shiga yaƙin neman zaɓen wani ɗan takara. Masallaci zai iya ajiye teburin rajista bayan Juma'a ga kowa da kowa, liman ya ce a fita a yi zaɓe. Amma kuɗin masallaci, da na'urar buga takardunsa, da jerin sunayen masu ba shi sadaka, kada su shiga kamfe. Ku tsaya a bakin titi da takardunku, ku tari jama'a in sun fito.

Na biyu: lissafi da kalanda

Ku shiga shafin hukumar zaɓe ta jiha ko ta gunduma, ku ɗauko sakamakon zaɓen fid da gwani uku na baya a mazaɓarku. Mu ƙaddara an kaɗa 28,000, da 35,000, da 33,000. Matsakaici 32,000 ke nan. In 'yan takara biyu ne, mai son ci yana buƙatar rabi da ɗaya, amma ba a tsayawa a bakin rami, sai a sa kashi 52 cikin 100, wato 16,640. Daga nan ku tambayi kanku: a cikin wannan adadi nawa za mu iya kawowa, da sunayensu? In kun ce 600, to ku nemi alkawarin mutum 900, domin ranar zaɓe wani zai yi tafiya, wata za a riƙe ta a wurin aiki, wani kuma ya manta. Mutum 900 mutum 30 ne, kowa da sunaye 30. Da an kawo shi nan, aikin ya zama wanda za a iya ɗauka.

Ku kuma tabbatar da iyakar mazaɓar da adireshi. Ana sake shata mazaɓu bayan ƙidayar kowace shekara goma, wani lokaci kotu ta sa a sake, har titi ɗaya ya rabu biyu. Mutumin da kuke sallah sahu ɗaya da shi yana iya zama ɗan wata mazaɓar.

Kowace jiha da ranakunta. A New York ana rufe rajista kwana 10 kafin zaɓe, kuma sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ne yake zaɓen fid da gwaninta. Wanda ya riga ya yi rajista yana son sauya jam'iyya, ko yana son shiga wata bayan da can bai zaɓi ko ɗaya ba, wa'adinsa 14 ga Fabrairu ne, alhali zaɓen sai Yuni. Nan ne al'ummarmu ta fi asarar ƙuri'u, don mutane da yawa suna tsallake gurbin jam'iyya a takardar, suna ganin ba ruwansu da rigima. A Minnesota kuwa mutum zai iya yin rajista ranar zaɓen a rumfa. A Texas ba kowa ke karɓar takardun rajistar mutane ba, sai wanda gunduma ta horar ta ba shi izini. Ku rubuta ranakun jiharku a babbar takarda, ku riƙa ƙirgowa daga ranar zaɓe zuwa baya.

Na uku: kundi biyu

Kundin masu rajista ba sirri ba ne a yawancin jihohi. Yana nuna suna, adireshi, jam'iyya a inda ake rubuta ta, da zaɓukan da mutum ya fita, amma ba ya nuna wanda ya zaɓa. 'Yan Dimokurat galibi da manhajar VAN suke aiki, wadda ake ɗauka a waya da sunan MiniVAN. A ɓangaren Rifabulikan akwai irin su i360. Ku je ofishin kamfe ku nemi jami'in da ke kula da aikin unguwanni, ba ɗan takarar ba. Shi zai yanka muku tituna, ya ba ku izinin shiga manhajar.

Manhajar ba ta san mu ba. Ba ta san cewa wannan Musa da wancan Moussa 'yan gari ɗaya ne ba, ba ta san wace Hajiya ce in ta yi magana mata arba'in za su tashi ba. Don haka ku haɗa naku kundin. Kowane ɗaya daga mutum 30 ɗin nan ya buɗe wayarsa, ya bi sunaye daga farko har ƙarshe, ya fitar da duk ɗan ƙasa da ke cikin mazaɓar: 'yan'uwa, abokan tuƙin tasi, abokan aikin kula da tsofaffi a gida, masu kitso, iyayen yaran Islamiyya. Kada a manta 'ya'yanmu da aka haifa a can, waɗanda suka cika 18. Su ne aka fi mantawa, kuma ba su da matsalar takarda ko ta Turanci. Sai a gwada sunayen da babban kundi a ga wa ya yi rajista, wa bai yi ba, wa ya ƙaura bai sauya adireshi ba. Abin da kuka shigar a manhajar kamfe na kamfe ne. Naku kundin, da yardar masu sunayen, shi zai rage a hannunku bayan zaɓe.

Na huɗu: taron falo

Hanyar tara masu aiki da ta fi inganci tsohuwa ce. Fred Ross ya koya wa Cesar Chavez ita a California, Chavez ya gina ƙungiyar ma'aikatan gona da ita, sannan Marshall Ganz, wanda ya yi aiki tare da su, ya taimaka aka shigar da irinta cikin kamfen Obama na 2008. Mai gida ya gayyaci mutum goma zuwa sha biyar da ya sani, awa ɗaya, da shayi da ɗan abin taɓawa. Dokar tarayya ta yarda mai gida ya kashe har dala 1,000 kan abinci da abin sha da katin gayyata a irin wannan taro ba tare da an lissafa shi gudummawa ba.

Kada a buɗe da jawabi. Mai gida ya faɗi dalilinsa a minti biyu, abin da ya same shi shi da kansa: kuɗin haya, takardun matarsa da suka maƙale, kuɗin asibiti. Sai a zagaya kowa ya faɗi nasa. Bayan nan ne za a kawo maganar ɗan takara, a ce ga abin da ya ce zai yi, ga kuma abin da ba ya cikin ikon ɗan majalisar tarayya, don kada a sayar wa mutane abin da babu. Kafin a tashi kowa ya ɗauki abu ɗaya mai rana da lokaci. "Za mu taimaka in sha Allahu" addu'a ce mai kyau, amma ba a shigar da ita kundi. Abin da ake rubutawa shi ne: Asabar, ƙarfe goma, gaban shagon wane. Kuma daga kowane taro a samu mutum biyu da za su kira nasu.

A nan ne shugabanni ke fitowa, kuma sau da yawa ba masu manyan riguna ba ne. Ni dai na fi yarda da wanda aka ce ya kawo mutum biyar ya kawo su, a kan wanda ya iya magana a gaban jama'a. Kowace unguwa ta samu ƙaramin ayari: mai haɗa kan ayarin, mai kula da bin gidaje, mai kula da kiran waya, mai shigar da bayanai. In tarukanku maza zalla ne, kun bar rabin ƙuri'unku a gida. Mata su yi nasu tarukan da nasu shugabanni, su da suka riga suka san juna ta biki da suna da adashi.

Na biyar: ƙwanƙwasa ƙofa

Wannan ne ƙashin bayan aikin. A 1998 malaman jami'ar Yale biyu, Alan Gerber da Donald Green, sun gwada hanyoyi uku a garin New Haven: wasiƙa, kiran waya, da zuwa ƙofa. Zuwa ƙofa ya ɗaga fitowar waɗanda aka yi magana da su da kimanin maki 8 cikin 100, wasiƙa ɗan kaɗan, kiran waya na 'yan kwangila kuwa kusan babu. Binciken da Joshua Kalla da David Broockman suka wallafa a 2018 ya ƙara nuna cewa a babban zaɓe da wuya kamfe ya sauya wa mutum ra'ayi, amma a zaɓen fid da gwani, inda tutar jam'iyya ba ta raba 'yan takara, magana tana tasiri. Don haka a zaɓen fid da gwani ku shawo kan mutane, a Nuwamba ku fitar da naku.

A fita bibbiyu, in da hali mace da namiji, ɗaya mai Turanci sosai, ɗaya mai Hausa ko Faransanci. Lokacin da ya fi shi ne yammacin ranakun aiki da kuma Asabar da Lahadi. A gidajen bene irin na Bronx, in an samu shiga a hau can sama tukuna a riƙa saukowa, ƙafa ta fi jurewa. Ka ƙwanƙwasa, ka ja baya taki biyu yadda mai leƙowa ta 'yar hudar ƙofa zai ga fuskarka da takardar hannunka. Mutanen da suka taɓa shan wahalar takardu ba sa son ƙwanƙwasar da ba su san mai ita ba, saboda haka sallama ta riga komai.

"Salamu alaikum. Hajiya, ina wuni? Ni maƙwabcinku ne, nan bayan masallaci nake. Ba daga gwamnati muke ba, aikin sa-kai muke yi kan zaɓen watan Yuni. Alhaji yana nan? Ke ma sunanki yana cikin masu rajista."

Daga nan tambaya ɗaya: me ya fi damun gidan nan bana? Sai ka yi shiru. Yawancin sababbin masu aiki a nan suke ɓata rawarsu da tsalle, su kama karanto alkawura goma alhali matar tana son ta yi maganar hayar da aka ƙara mata. Ka saurara, ka haɗa abin da ta faɗa da abu ɗaya da ɗan takararka ya tsaya a kai, sannan ka tambaya kai tsaye: "Za mu iya sa ran ƙuri'arki?"

Amsar ana ba ta maki daga 1 zuwa 5. Ɗaya namu ne tabbas, biyu ya karkato, uku bai yanke ba, huɗu ya karkata can, biyar na abokin hamayya ne. A nan sai an yi hattara da kunyarmu. Bahaushe ba ya ce wa baƙon da ke tsaye a ƙofarsa a'a. "To, Allah ya ba da sa'a" uku ce, ba ɗaya ba. "Sai na yi shawara da maigida" uku ce. Ɗaya ita ce wadda ta kama sunan ɗan takarar da bakinta ta ce shi za ta zaɓa. Kundin da aka cika da ɗaya na kara zai sa ku kwana da murna, ku tashi da faɗuwa.

Kada ka yi gardama da mai biyar. Ka gode masa ka wuce. In ba kowa, ka saƙala takarda a jikin ƙofa, amma ban da akwatin wasiƙa, domin dokar tarayya ta hana sa abin da ba a biya kuɗin aikawa ba a ciki. Galibin ƙofofi ba za a buɗe ba, kada wannan ya karya maka gwiwa, za a sake zagayowa. Duk abin da aka samo a shigar da shi a daren, kafin a manta wace ce ta ce a dawo bayan ta sauko daga aiki. Masu uku a koma musu, kuma wanda zai koma ya zama wanda suka sani.

Na shida: kuɗi

Gudummawa ta tafi kai tsaye asusun kamfe, da sunan mai ita da kuɗinsa, galibi ta shafin intanet na ActBlue ga 'yan Dimokurat ko WinRed ga 'yan Rifabulikan. A zangon 2025 zuwa 2026 iyakar abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara dala 3,500 ce a kowane zaɓe. Tsabar kuɗi hannu da hannu ba ta wuce dala 100. Wanda jimillar abin da ya bayar ta haura dala 200, sunansa da sana'arsa za su fito a shafin hukumar zaɓe ta tarayya, FEC. Ku gaya wa mutane tun kafin su bayar. Abin da ya fi kama mu shi ne karo-karo: a tara kuɗin mutum ashirin, Alhaji ya miƙa da sunansa. Haramun ne a doka, haka ma ka ba wani kuɗi ya bayar a madadinka. Kuma ƙungiyar da ta tara ko ta kashe sama da dala 1,000 a shekara kan zaɓen tarayya tana iya zama wadda dole ta yi rajista da FEC. Ya fi sauƙi kamfe ya buga takardu, ku ku raba.

Na bakwai: kwanakin ƙarshe

Yanzu an daina jan ra'ayi. Masu ɗaya da biyu kawai ake bi. Kada ka ce "kar ka manta ka yi zaɓe". Ka tambaya: wace rana za ka je, ƙarfe nawa, daga ina za ka taso, da me za ka je? David Nickerson da Todd Rogers sun gwada irin waɗannan tambayoyi a Pennsylvania a 2008, suka ga sun ɗaga fitowar waɗanda aka yi magana da su da kimanin maki 4.

Ranar zaɓe galibi Talata ce, ranar aiki, kuma direba ko mai kula da tsoho ba ya iya barin aikinsa. Saboda haka ku tura mutanenku zaɓen wuri. A New York kwana tara ake yi ana kaɗa ƙuri'a kafin ranar, har da Asabar biyu da Lahadi biyu. Juma'ar da ta faɗo ciki ita ce babbar damarku: motoci su jira a bakin titi, a sallame a wuce rumfa. A duba tukuna, don wurin zaɓen wuri ba lalle ya zama rumfar da mutum ya saba ba. Duk wanda ya jefa a soke sunansa, jerin ya riƙa raguwa. Masu aikin da suka yi alkawarin zuwa kuwa a kira su daren jajibiri, kuma a gayyaci ninkin waɗanda ake buƙata.

Abu uku kowa ya haddace. Wanda ba ya iya karatu, ko yake da naƙasa, dokar kare haƙƙin zaɓe ta ba shi damar shiga da mai taimakon da ya zaɓa, in dai ba ubangidansa na aiki ba ne ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa. Wanda ba a ga sunansa ba kada ya juya, ya nemi ƙuri'ar wucin gadi, a tantance daga baya. Wanda lokacin rufewa ya same shi a layi ya tsaya, zai jefa. Ku kuma ku ja nesa da ƙofar rumfa da takardunku da rigunan kamfe. A New York tazarar ƙafa 100 ce.

Bayan an rufe rumfa aiki bai ƙare ba in ratar kaɗan ce. Jihohi da dama suna ba wanda ya aika ƙuri'a ta gidan waya 'yan kwanaki ya gyara kuskuren sa hannu, kuma kamfe zai ba ku sunayen da za ku bi. A cikin makon ku kira duk wanda ya yi aiki ku gode masa, a ci ko a faɗi. Sannan ku nemi zama da ofishin mazaɓa na wanda ya ci, ko da ba naku ba ne. Kowane ɗan majalisa yana da ma'aikatan da ke bin wa mutanen mazaɓarsa matsalolinsu a hukumomin tarayya, kamar takardun shige da fice, biza, fasfo da kuɗin fansho. Ba sa buɗe fayil sai mai matsalar ya sa hannu a takardar izini, don haka ku karɓo kwafinta ku ajiye wa shugabannin unguwanni, tare da suna da lambar ma'aikacin da ke kula da harkar shige da fice.